Kada Ka Kore Shi Ranar Da Asirinsa Ya Tonu

'Ya'yana na ƙasar Gaya da Ajingi, na Kademi da Shagogo, na Toranke da Balare da Gafasa, da ku da neman abinci ya kai Kano ko Abuja ko Legas. Allah Ya yi muku albarka.

Maganar shaye-shaye ba baƙuwa ba ce a kunnenku. Liman ya yi huɗuba a kanta, an yi ta a rediyo, an yi ta a majalisa bayan la'asar. Wadda muke tsallakewa ita ce inda shaye-shayen yake kai wasu daga cikin yaranmu, wato ranar da yaro zai yanke ƙauna ya ɗauki ransa da hannunsa. In hakan ta faru sai gida ya yi tsit, a ce wa masu ta'aziyya gajeriyar rashin lafiya ce. Ban ga laifin uwar da ta rufa wa mamacinta asiri ba. Amma shirun da muke yi tun yaron yana da rai, yana yawo a gabanmu yana cewa ya gaji da duniya, wannan shiru yana ci mana 'ya'ya. Shi nake so mu fasa yau.

Ku fara sanin girman abin. A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun yi bincike a faɗin Nijeriya. Sun samu mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. A Jihar Kano kashi 16 cikin 100 ne, mutum sama da miliyan ɗaya. A shekarar ce kuma BBC ta nuna wa duniya yadda kodin ya yi wa matasan Kano, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayu. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. Waɗannan masifu biyu maƙwabtan juna ne. Wani nazari da aka fitar a 2004, wanda ya tattara bincike masu yawa na ƙasashen Turawa, ya nuna cewa wanda giya ta kama ya fi sauran mutane haɗarin kashe kansa kusan sau goma, wanda kuma ya kamu da dangin hodar ibilis ta heroin, gidan da kodin da tiramadol suka fito, ya fi sau goma sha uku.

Kada ka ce wannan ta mutanen birni ce. A nan karkara ƙwaya ba kasafai take shigowa da sunan iskanci ba, da sunan maganin gajiya take zuwa. Saurayi ya kama ƙwadago a gonar gyaɗa ko ta gero, yana so ya yi kuyya biyu a lokacin da ake yin ɗaya, sai abokinsa ya miƙa masa tiramol. Ɗan acaɓa yana so ya kai dare a kan hanyar Wudil. Ɗan cirani yana dako a kasuwa ko yana zuba kankare a wurin gini. Tiramadol ɗin da likita ke rubutawa mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a aljihun dillalai yakan kai 200 ko 225. Ƙarfin da take ba shi kamar hatsin da manomi ya ranta ne a tsakiyar damina, wanda zai biya ninki in kaka ta yi. Jikin gobe ake ranta a kashe yau, kuma mai bin bashin ba ya ɗaga ƙafa. Bayan 'yan watanni guda ɗaya ba ta isarsa. Bayan shekara ba don noma yake sha ba, sha yake don ya iya tashi daga kan tabarma. Daga nan sai wiwi, sai roci da diyazefam don ya samu barci, wanda ba shi da kuɗi kuma ya koma sholisho.

To ta ina hanyar ta ɓulle zuwa kashe kai? Ta wurare uku take bi, kuma ina so ka riƙe su.

Na farko, ƙwaya tana canja ƙwaƙwalwa. Sashen da Allah Ya halitta don mutum ya ji daɗin abinci da hira da dariyar ɗansa, shi take mamayewa. In ta sake shi sai duniya ta yi masa baƙi, ga ciwon gaɓɓai, ga rashin barci, ga ƙunci da ba ya iya faɗin dalilinsa. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani. Wani ma damuwar ce ta riga ƙwayar zuwa: maraici, jarrabawar da aka faɗi, yarinyar da aka aurar wa mai kuɗi, jarin da ya karye, ko wani cin zarafi da aka yi masa yana ƙarami bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya sha don ya manta, shan ya ƙara masa abin da zai manta.

Na biyu, maye yana cire wa mutum linzami. Tunanin mutuwa yakan ziyarci mai damuwa ya wuce, domin tsoron Allah da tausayin uwa suna riƙe shi. In yana cikin maye waɗannan sukan yi rauni, sai abin da da zai tsaya a tunani ya zama aiki. Masu bincike da suka tambayi waɗanda suka tsira sun samu cewa da yawansu, tsakanin yanke shawara da aikatawa, 'yan mintoci ne kawai.

Na uku, shaye-shaye yana raba mutum da mutanensa. Ya sayar da waya, ya sayar da akuyar uwarsa, ya taɓa buhun da aka ajiye don iri. Abokan kirki su janye, gidan da yake neman aure su ce a dakata, ƙannensa su daina gaishe shi. Ya zama "ɗan ƙwaya", sunansa na yanka ya ɓace. Mutumin da ya gaskata cewa shi kaya ne a wuyan danginsa, kuma rashinsa zai fi musu sauƙi, ya kai bakin rami.

Nan ne zuciyar nasihata take, ɗana. Rana mafi haɗari a rayuwar mai shaye-shaye ita ce ranar da asirinsa ya tonu. Ranar da aka kama shi da kayan sata aka zagaya da shi unguwa yara suna ihu. Ranar da matarsa ta kwashe kayanta. Ranar da maigidansa ya karɓe makullin babur. Ranar da aka ɗauki hotonsa yana tangaɗi aka watsa a WhatsApp. A irin wannan rana ce uba, cikin ɓacin rai da kunyar idon jama'a, yake tsayawa a ƙofar gida ya ce, "Na sallama ka, ba ni ba kai, kada ka ƙara taka mini gida." Na san zafin da ke sa uba ya faɗi haka, kuma sau da yawa bai kai zuci ba, yana so ne yaron ya razana ya dawo hanya. Amma yaron da ƙwaya da damuwa suka riga suka gaya masa ba shi da amfani, in ya ji haka daga bakin mahaifinsa, shaida ta ƙarshe ya samu.

Saboda haka in ranar ta zo, ka haɗiye fushinka zuwa gobe. Faɗa ba ya guduwa, hukunci ba ya guduwa, biyan kayan mutane ba ya guduwa. A daren nan ka shigo da shi gida, a ba shi tuwo, wani ya kwana tare da shi. Ka ce masa, "Abin da ka yi ya ɓata mini rai, kuma za mu yi maganarsa. Amma kai ɗana ne, nan ne gidanku." Iyayenmu sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wannan ba goyon bayan ɓarna ba ne. Kana iya hana shi kuɗi, kana iya kulle rumbu, kana iya sa shi ya yi aiki ya biya abin da ya ɗauka. Duk wannan tarbiyya ce. Kora da tsinuwa kuwa miƙa shi ne ga dilan da ya san ba zai taɓa korarsa ba.

Addininmu ma haka ya koya mana. Allah Ya haramta wa mutum kashe kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kuma ayar da ambaton jinƙanSa gare mu ta rufe. A Suratuz Zumar, aya ta 53, waɗanda suka yi wa kansu ɓarna Ya kira da sunan bayinSa, Ya hana su yanke ƙauna daga rahamarSa. Ka duba kuma yadda aka haramta giya a Madina. Ba rana ɗaya aka yi ba: an fara nuna cewa cutarta ta fi amfaninta, aka hana kusantar salla cikin maye, sannan hani na ƙarshe ya sauka a Suratul Ma'ida. A Sahihul Buhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya yi masa shaidar son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. In Fiyayyen Halitta bai yarda a tsine wa mashayi ba, wane ne ni, wane ne kai?

Yanzu ga abin da za ka sa wa ido. Ka ji yana cewa "na gaji da rayuwar nan", ko "gara in mutu kowa ya huta", ko "kwanan nan za ku daina ganina". Ka ga yana bin mutane yana neman gafara ba tare da dalili ba, yana rabar da kayan da yake ji da su, yana bar wa wani amanar 'ya'yansa. Ya daina fita majalisa, ya kulle kansa a shago, ba ci ba barci. Shan ya ƙaru fiye da da. Ko kuma wanda ya daɗe cikin ƙunci ka wayi gari ka gan shi ya yi wani irin sanyi da natsuwa, alhali babu abin da ya warware. Mafi girman alama ita ce in ya taɓa gwadawa a baya. Kada wani ya ce maka mai faɗa ba ya aikatawa, ko neman suna yake yi, ko ƙwayar ce ke magana. Da yawa daga cikin waɗanda suka tafi sun faɗa, ba a dai ɗauke su da gaske ba.

In ka ga haka, ka tambaye shi kai tsaye. Ka ja shi gefe inda babu kowa, a bakin gona ko bayan sallar isha'i, ka ce, "Na ga kwanan nan kana cikin damuwa. Ka gaya mini gaskiya, tunanin kashe kanka yana zuwar maka?" Na san harshenka zai yi nauyi, za ka ji kamar kai ne za ka cusa masa tunanin. An bincika wannan, kuma an tabbatar tambaya ba ta cusa shi, sauƙi ma take kawowa, domin ya samu wanda zai sauke wa kayan. In ya ce e, kada ka zabura da salati da faɗa, kada ka fara da wa'azin wuta. Ya san haramun ne, sanin ma yana cikin abin da ke cin sa. Ka saurare shi har ya gama. Ka ce, "Na ji ka, kuma ba zan bar ka kai kaɗai da wannan ba." In ya ce ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba, kada ka rantse. Ka nemo wanda yake jin nauyinsa, uwa ko kawu ko malaminsa na allo, ku raba kwana a kansa.

Sannan ka nisanta shi da abin da zai cutar da kansa. Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin feshi da na ƙwari da na adana wake, a ƙarƙashin gado ko a kan katanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya ta hanyar gubar gona ne, kuma mafi yawa a karkarar ƙasashe irin tamu. Ƙasar Siri Lanka, wadda ita ma ta manoma ce, ta hana sayar da mafiya haɗarin waɗannan magunguna, sai yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta rayuka 93,000 sun tsira, noma kuma bai karye ba. Dalili shi ne wancan lokaci na tsanani gajere ne. In abin bai zo hannu ba a cikinsa, yakan wuce, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Don haka ka sayi daidai abin da za ka fesa, ragowar ka sa a akwati mai kwaɗo, makullin a aljihunka. Haka magungunan asibiti na tsofaffin gida. In kuwa ƙaddara ta riga fata wani ya sha, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A kwantar da shi ta gefe, a cire masa tufafin da maganin ya zuba a kai, a ɗauki kwalbar, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, babban asibitin Gaya ko na Wudil.

Game da magani, ina roƙonku ku bar ɗaure 'ya'yanku da mari. Kun ga abin da aka tarar a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura: ɗaruruwan mutane cikin sarƙa, jikinsu duk tabon duka. Sarƙa tana hana ƙafa zuwa wurin dila, amma ba ta taɓa ƙuncin da ya kai shi can, wulaƙanci ma take ƙara masa. Kuma yanke wasu ƙwayoyin farat ɗaya, irin su diyazefam, yana iya jawo jijjiga mai haɗari, shi ya sa likita ke rage su a hankali. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, muna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ban da kame, tana da masu ba da shawara, da layin kira kyauta, 0800 1020 3040. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tabbatar wa mai irin wannan ciwo haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Zuwa Dawanau ba shi ne hauka ba. Ku yi addu'a, ku yi sadaka, ku kai shi likita, babu wanda ya hana wani a cikinsu. In kun je, ku gaya wa likita duka biyun, shan da kuma maganar mutuwar, domin a yi maganinsu tare.

Ranar da ya dawo gida ma aiki bai ƙare ba. Makonnin farko bayan sallama suna da haɗari, domin ya dawo ya tarar da bashinsa da kunyarsa suna jiransa, kuma jikinsa ya daina jure adadin da ya saba sha, in ya koma masa yana iya kashe shi. Ku sama masa abin yi, ko kiwon tunkiya biyu ne, ko zaman shagon ɗinki. In ya zame ya sake sha, kada ku ce asarar kuɗi aka yi. Ciwon haka yake, yana komowa, kuma da yawa sai bayan faɗuwa da tashi suke rabuwa da shi.

'Yata, ban manta da ke ba. Binciken nan na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce. Nata a ɓoye yake, a cikin ɗaki, a kwalbar lemo, daga hannun ƙawa a gidan biki. Zafin kishi, auren da ba ta so, zawarci, ko ƙuncin da ke kama wasu mata bayan haihuwa, duk suna kai ta. Kunyarta kuma ta ninka ta namiji, shi ya sa takan yi nisa kafin a gane. Maigida, in ka gano matarka tana sha, takardar saki a wannan daren ba gyara ba ce. Ka kira uwarta ko yayarta, ku nema mata magani cikin sirri.

Kai kuma ɗana da kake karanta wannan da ƙwaya a aljihunka, da kai nake yanzu. Muryar da ke ce maka ka gama lalacewa, kuma mutuwarka hutu ce ga mahaifiyarka, ƙarya take yi, ciwon ne ke magana. Babu uwar da ta huta don ta binne ɗanta. Ba na ce ka daina komai yau ba, na san ba shi da sauƙi. Abu ɗaya nake roƙonka: in tunanin nan ya taso, kada ka zauna kai kaɗai, kuma kada ka sha komai a kansa. Ka tashi ka buga ƙofar wani, ko ƙarfe biyun dare ne, ka ce masa, "Ina cikin wani hali, zauna da ni." Ka bari gari ya waye. Mutane da yawa da suka kai inda kake yau suna nan da ransu, da sana'arsu da 'ya'yansu.

Sauran aikin na gari ne gaba ɗaya. Liman ya haɗa tsoratarwa da buɗe ƙofar tuba, domin a cikin sahu akwai wanda ke jiran ya ji ko yana da sauran wuri. Mai unguwa da dagaci su hana zagaya gari da yaro ana dukansa, a miƙa shi inda ya dace. Mai kemis ya ji tsoron Allah, kada ya sayar da irin waɗannan magunguna ba takardar likita. Mai gona ya daina haɗa wa 'yan ƙwadago ƙwaya a shayi don aiki ya yi sauri. Ɗan siyasa ya tuna cewa yaran da ake ba ƙwaya lokacin kamfe 'ya'yan wasu ne. In kuma wani gida ya riga ya yi wannan rashi, ku je musu gaisuwa kamar kowa, ku kame bakinku daga yanke wa mamaci makoma, wannan na Allah ne. Ku lura da ƙannensa da abokansa, domin su ma suna cikin haɗari a kwanakin.

Kafin Juma'a mai zuwa, ka nemi yaro ɗaya da ka san kowa ya juya masa baya, ka kira shi da sunansa na gaskiya, ka tambaye shi lafiyarsa, ka tsaya ka ji amsa. Ka kuma duba inda maganin feshinka yake ajiye. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya ba iyaye haƙurin riƙo, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.